Babban Yatsan Kawu

Jiya ina wanki, bula ta rina mini babban yatsa, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

A wancan zamanin kuɗin fetur na yawo a Libreville, ana gini ko'ina. Wani kamfani ya ce zai fasa dutse a bayan unguwarmu ta PK8, dab da rafin da muke ɗiban ruwa. Maƙwabciyarmu 'yar ƙasa ta biyo shaguna da takardar ƙorafi tana neman sa hannu. Hausawa kowa ya sunkuyar da kai, har da mijina. Mu baƙi ne, wa zai yi wasa da katin zamansa?

Da takardar ta iso, ni da mijina muna wurin, Kawu na zaune a shagonsa yana tarin nan nasa mai kama da jan zarto, wanda ya kwaso a ramin kuza tun yana saurayi. Ya ce da ni, "'Yar nan, miƙo min bula."

Mijina ya ce, "Kawu, za fa su iya korar ka."

Kawu ya ce, "Ƙura ba ta tambayar katin zama kafin ta shiga ƙirji."

Bai iya rubutun boko ba. Ya jiƙa bular, ya dangwala babban yatsansa na dama, ya danna a takardar. Sai sauran suka taso ɗaya bayan ɗaya.

An fasa dutsen, amma can nesa da rafin. Kawu bai kai ga gani ba.

Allah ya miƙa masa littafinsa a wannan hannun na dama.