Ƙwan da ba ya cikin raminsa

Da can mota ba ta yi wa mai ita ƙarya, yanzu kuwa mu da kanmu muke kai ta a koya mata. Na yi tuƙi daga Funtuwa har Duwala da Njamena, na zagi makanikai da Faransanci da Larabcin Shuwa da Yarbanci, amma ban ga inda ake toshe wa mota baki kamar garinmu ba. Wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, kuma Hajiya Rabi, matata, tana raye, ku tambaye ta.

Motata tsohuwar Bajamushiya ce. A gaban direba tana da wata ƙaramar alama ruwan ɗorawa, idan ƙwan fitila ya mutu sai ta kama. Da fararen ƙwayayen nan na zamani suka shigo, na sa aka canja mini duka, gaba da baya. Su kuwa ba sa jan wuta sosai, sai motar ta ɗauka sun mutu, alamar ta kama ta ƙi mutuwa. Na kai wa Sale Rewaya, mai gyaran wayar mota a bayan tasha.

"Baba Alhaji, ai wannan ba ciwo ba ne," in ji shi. "Resisto zan ɗaura mata, ya riƙa shan wuta kamar tsohon ƙwai. Ba za ta ƙara yi maka tsegumi ba."

Na ce, "In ƙwan ya mutu da gaske fa?"

Ya yi dariya, "Waɗannan sai dai su binne mu."

Da damina muka tafi ta'aziyya Dayi ni da Hajiya. Mun wuce Malumfashi bayan la'asar sai ruwa ya kece, irin wanda waifa ba ta iya masa komai, ga wata roka, babbar motar kaya, maƙare da buhunan taki ta manne mana a baya. Kawai sai alamar nan ta kama, har haskenta na bugun gilashin idona. Hajiya ta ce, "Alhaji, ga 'yar tsegumin taka ta dawo." Raina ya ɓaci, na sauka gefen titi ina tsine wa Sale, rokar ta wuce mu da gudu. Ko tsinuwar ban gama ba muka ji ƙarar birki da wani irin rugugi. Ashe amalanken shanu ce ta karye a tsakiyar titi bayan kwana, rokar ta kauce mata ta kwanta a gonar dawa. Allah Ya tsare, ba a rasa rai ba.

Wani dattijo manomi da ya fake a gindin ɗorawa ya matso ya ce, "Alhaji, na ga tsayawarka. Bayan motarka babu wuta ko ɗaya, ko ta birki." Na sa Hajiya ta taka, na zagaya na duba. Duhu. Resiston ya yi zafi ya narkar da wayoyin. Da ni na fara isa ga amalanken nan na taka birki, direban rokar ba zai san na tsaya ba sai ya hau kanmu.

Washegari na dira wurin Sale, ban ko yi sallama ba. Na ce, "Kai mugu! Ka kusa kashe ni da matata, alamar da ka so kashewa ita ta cece mu!"

Sai na ga fuskarsa ta canja. "Baba, wace alamar?"

Ya kwance allon da ke gaban direba, ya nuna mini ramin ƙwan alamar. Babu komai ciki sai ƙura. Wai ranar da ya yi aikin, resiston ya ƙi rufe wa alamar baki, shi ne ya zare ƙwan ya yi shiru. Ya jawo gwangwanin madara da yake tara tarkace, ya tsamo shi ya ɗora mini a tafin hannu.

To me ya kama? Mu biyu muka gani. Na tambayi masu rewaya a Zariya da Kano, kowa ya ce ba zai yiwu ba.

Har yau ina jin haushin Sale, kuma har yau in hadari ya haɗo ina tuƙi, ba na son kallon wannan lungu. Ku masu mota, kada ku yarda a toshe mata baki, don ban san ko abin da ya yi magana a madadin tawa zai yi muku ba. Ni dai na mayar da tsofaffin ƙwayayena, kuma tun ranar ba na fita sai Hajiya ta taka birki na zagaya na gani da idona.