Kwalaben Ƙarƙashin Bene

Har yau ban manta da wata safiyar Juma'a a Gurda ba, wata unguwa a ƙasar Larabawa inda na je ci-rani. Lokacin ina haris, wato mai gadi, a wani gidan haya na ɗaliban jami'a. Aikina ƙofa, shara da tankin ruwa. Ƙa'ida kuma, duk abin da na gani ba daidai ba in faɗa wa mudir, mai kula da gidan, Hajj Salim.

Wata biyu kafin ranar na fara tsintar kwalaben ruwa a ƙarƙashin bene, warinsu ba na ruwa ba. Bukha ce, giyar da ake dafawa a ɓoye, tunda ƙasar ta hana. Na san daga ɗakin Muftah da Anas suke fitowa. Muftah yaro ne mai ladabi, Ammi Isufu yake ce mini, wato baffa. Kullum ina cewa gobe zan faɗa, sai in tuna an koya mana rufa asirin musulmi. Sai in ƙulle kwalaben a leda in kai bola mai nisa. Na ɗauka lada nake samu.

Ranar Alhamis suka gama jarrabawa. Da hantsin Juma'a Anas ya sauko da sauri.

"Ammi, kana da madara?"

"Ta mece ce?"

"Cikin Muftah ne. Ba komai."

Na bi shi sama. Muftah na kwance, ya yi amai, numfashinsa sama-sama. Taga a buɗe, rana ta cika ɗakin.

"Ammi, kai ne?" in ji shi. "Me ya sa ɗakin ya yi hazo haka?"

Anas ya riƙe mini hannu.

"Don Allah, ammi, kada ka kira kowa. Barci zai yi ya warware. In babansa ya ji, karatu ya ƙare. In shurɗa, 'yan sanda, suka ji, har kai za su kwashe."

Bai yi ƙarya ba. Iƙamata, takardar zama, ta mutu, sabuwa ba ta fito ba, ga shingen bincike a hanyar asibiti. Na sauko na tsaya a tsakar gida. Na ɗaga waya na ajiye har sau uku. A na huɗu na kira Hajj Salim.

"Hajj, yaro ba ya gani. Bukha ya sha."

"A gidana? Tun yaushe?"

"Wata biyu nake ganin kwalabe."

Ya ce, "Ni da kai sai an jima. Sa shi a tasi, ina zuwa."

Kafin mu fita na ɗauko kwalbar da na tsinta da safe, da saura a ciki, na cusa a aljihu. A shinge wani soja ya leƙo, ya ga Muftah kwance a cinyata, ya ɗaga hannu mu wuce. Kwalbar na taɓa cinyata kamar garwashi.

A asibiti likita ya tambayi abin da Muftah ya ci. Anas ya yi sauri ya ce shawarma ce ta lalace. Likita ya fara rubutawa. Na dubi alƙalamin, na dubi idon Muftah. Na ciro kwalbar na ajiye a tebur.

"Dokta, wannan ce."

Bai yi faɗa ba. Ya ƙwala wa ma'aikata kira, aka tura gadon Muftah da gudu. Ya ce masu dafa ta a ɓoye sukan haɗa da wani sinadari mai guba. Hanci ba ya gane shi, kuma sai an yini ko an kwana yake nuna kansa, ya taɓa ido, ya taɓa rai. Madara ba ta magani, barci ma ba ya magani.

"Su nawa suka sha?"

Anas ya sunkuyar da kai. "Ni ma na sha. Da wasu biyu."

Hajj Salim da ya iso asibitin ya koma da motarsa ya kwaso sauran biyun. Su ukun an kama abin da wuri. Muftah ya rayu, amma idonsa na hagu bai dawo ba.

Hajj bai kore ni ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Kwalba nawa ka zubar?" Na ce ban ƙirga ba. Ƙarya na yi, na san adadinsu.

Ku da kuka kama wannan aiki bayana, mai shara yakan riga kowa sanin abin da ke cikin gida. Ba na ce ku tona yaran mutane a titi ba. Amma kwalbar farko, ku ƙwanƙwasa ƙofa ku yi magana. In kuwa wani ya sha ya ce yana ganin hazo, ku kai shi asibiti nan take, da kwalbar a hannu.

Da Muftah ya dawo, mahaifinsa ya riƙe hannuna biyu yana sa mini albarka, wai na ceci ɗansa. Muftah na tsaye a gefe, ya karkato kai don ya gan ni da idon da ya rage. Na kasa cewa amin.