Benci Shida a Kan Tsauni

Wata rana, cikin watan Yuni, wani babban mutum daga garinmu ya sauka a wani ɗan ƙauye da ke maƙale a tsaunukan Alps, can ƙasar Turai.

Sunansa Injiniya Filibus Gambo. Ɗan kwangila ne, kuma shi ne shugaban kwamitin ginin cocinsu. Ko ba ka tambaya ba, kafin ku yi minti biyar tare sai ka san haka.

Ƙararrawa ya je saya wa sabon cocin. Wai duk na gida amonsu bai kai masa ba.

Da ya gama cinikinsa a birni, sai ya ratsa ƙauyen don ya ga Briskila, 'yar yayarsa, wadda ke aikin jinya a gidan kula da tsofaffi na kwarin.

Briskila ta tare shi a tashar mota. Ta rusuna, ta karɓi jakarsa.

"Kawu, sannu da hanya. Ya ka baro Mama?"

"Kande? Garau take! Lahadin nan ma na hango ta a coci, tana ta juyi cikin zumuntar mata."

Briskila ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi.

Mako bakwai ke nan uwarta na kwance. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Maƙwabciyarta, Maman Sadiya, ita ke juya ta, ita ke dama mata kunu, ita ke riƙe mata waya idan Briskila ta kira.

Kanden nan kuwa ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu. Da tuwon da take sayarwa a tasha ta kai shi makaranta. Yau ko "Yaya" ba ya iya haɗawa da sunanta.

Amma tsohuwar ta riga ta ja kunnen 'yarta: "Kada ki tayar masa da hankali. Aikin Ubangiji ne a gabansa."

Don haka Briskila ta haɗiye maganar da ta taso mata, ta shige gaba da jaka.

Ƙauyen dai ba wani babba ba ne. Duka-duka mutanensa ba su kai ɗari huɗu ba. Kwari ne siriri tsakanin tsaunuka biyu, da kogi mai ruwan ƙanƙara yana ratsa tsakiyarsa. Unguwanni uku ne, wata bisa wata kamar matakala: ta bakin kogi, ta tsakiya, da ta can ƙololuwa inda itatuwa ke ƙarewa. Idan sanyi ya kankama, unguwar ƙasa takan yi wata biyu cur rana ba ta leƙo ta ba, saboda tsauni ya tare.

Injiniya ya dubi wannan duka, ya taɓe baki.

"Nan ne Turan? Ai ko garin Kafur ya fi nan cika."

Washegari da hantsi, Briskila ta kai shi wurin Ursina. Tsohuwa ce mai shekara tamanin da ɗaya, wadda mabuɗan coci-coci uku na ƙauyen ke hannunta tun tana amarya. Briskila na kiranta Kaka. Tsohuwar ba ta jin Turancin Ingilishi, shi kuma Injiniya ba ya jin harshensu, sai Briskila ta zama tafinta.

Suka fara da cocin bakin kogi, mai shekara ɗari biyar da ginawa.

Ursina ta ce a da, tun kafin a yanka titi, fatake ne ke bi ta nan da alfadarai, suna tsallaka tsauni da gishiri. A wannan cocin suke tsayawa su yi addu'a kafin su hau, domin ba duk wanda ya hau ke saukowa ba. Ta nuna masa dutsen bakin ƙofa, yadda sawun mutane ya cinye shi har ya lotsa kamar turmi.

Injiniya ya ce, "Shekara ɗari biyar, an rasa wanda zai sa musu tayil?"

Briskila ta juya ta ce wa tsohuwar, "Ya ce dutsen ya burge shi."

Suka hau zuwa na biyu, a unguwar tsakiya. Bangonsa cike da zane-zanen da suka koɗe. Ursina ta ce bayan wata annoba aka gina shi, wadda ta kwashe rabin ƙauyen cikin shekara guda. Wanda ya yi zanen bai taɓa ganin raƙumi ba, shi ya sa ya zana shi da kan akuya. Har yau ba su gyara ba, ta ce, don yara na son sa haka.

Injiniya ya yi tsaki.

"Kwana biyu ya ishi yarana su shafe bangon nan da fenti mai sheƙi. Ba fanka, ba lasifika, ba allon majigi. Mutanen nan wahala suke so."

Briskila ta ce wa tsohuwar, "Ya ce raƙumin ya ba shi dariya."

Ursina ta dube shi sama da ƙasa. Tsufa ya koya mata cewa tsaki ba ya bukatar tafinta. Ta dai ɗauki sandarta, ta kama hanyar sama.

A nan ne fa ido ya raina fata.

Hanya ce ta ƙafa, mai lanƙwasa kamar maciji, tsakanin shanu masu ƙararrawa a wuya. Tsohuwa na gaba tana taku ɗaya-ɗaya, ko nishi ba ta yi. Injiniya na baya cikin takalmi mai tsini da babbar riga, yana haki kamar an koro shi. Duk taku ashirin sai ya tsaya, wai yana duba saƙo a waya. Alhali ko sabis babu.

Da suka kai, ya ɗaga kai ya ga abin da ya sha wahala dominsa.

Wani ɗan gini ne na dutse, gajere, sai ka sunkuya kafin ka shiga. Bayansa, wajen da ke fuskantar tsauni, an yi shi da tsini kamar bakin gatari.

Ciki benci shida ne. Uku dama, uku hagu.

Ursina ta ce shekaru ɗari uku da suka wuce, dusar ƙanƙara ta zaftaro daga tsauni ta binne unguwar sama da mutanenta. Gida biyu suka tsira. Su ne suka ɗebo duwatsun gidajen da suka rushe, a bayansu, suka yi wannan ginin. Tsinin bayan kuma don idan dusar ta sake zuwa, ta tsage biyu ta wuce. Ta zo har sau huɗu tun daga lokacin. Ginin na nan.

Injiniya ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wannan ne coci? Wallahi ɗakin janaretana ya fi shi girma! Briskila, wannan karon ki faɗa mata daidai yadda na faɗa. Ki ce nawa cocin mutum dubu biyar yake ɗauka a zaune. Dubu biyar! Hawa uku. Ki faɗa mata."

Briskila ta faɗa mata, kalma bayan kalma.

Tsohuwar ba ta yi mamaki ba. Ta zauna a bencin farko, ta jingine sandarta, ta yi tambaya ɗaya.

Briskila ta fassara: "Ta ce, a cikin dubu biyar ɗin, idan mutum ɗaya bai zo ba, wa ke sani?"

"Me?"

"Ta ce su nan ba a fara sujada sai an dubi benci. Idan akwai gurbi, sai mutum biyu su ɗauki shebur su nufi gidan mai gurbin. Wataƙila dusa ce ta toshe masa ƙofa. Wataƙila ya faɗi. Sai an san halin da yake ciki, sannan a buɗe littafi."

Injiniya ya gyara wuyan riga, ya hura hanci.

"Ki ce mata ni na san mutanena ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda zai yi fashin Lahadi ban sani ba."

Wannan karon Briskila ba ta fassara ba.

Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya.

"Kawu, Lahadi bakwai ke nan Mama ba ta taka cocinka ba. Ba ta iya tashi zaune sai an ɗaga ta."

 

Yanzu, jama'a, na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce ya zube a kan benci ya fashe da kuka. Kuna jira in ce ya bar ƙararrawar, ya nemi jirgin farko.

Ina!

Ba ku san irin mutanen nan ba.

Fuskarsa ta yi kamar an kama ɓarawon akuya. Sannan ya murtuke.

"Laifin fasto ne! Me yake yi da bai sanar da ni ba? Kuma ke, haka ake tarbiyya, ki tsinka ni a gaban baƙuwa?"

Suna saukowa yana ta faɗa. Kafin su kai unguwar tsakiya har ya samo mafita. Wai da ya koma zai sa a kafa na'urar dangwala yatsa a kowace ƙofa, duk wanda ya shigo ya dangwala, kwamfuta ta fitar da sunan wanda bai zo ba.

Briskila ta ce, "Kawu, ga sabis ya dawo. In kira maka ita?"

"Bari sai na huta. Ba na son ta ji muryata haka."

Bai kira ba ranar. Bai kira washegari ba. Ya wuce birni ya yi kwana tara yana jiran a gama zana sunansa a jikin ƙararrawa.

Ita kuwa Briskila, da suka dawo ƙofar gidan Ursina, tsohuwar ta riƙe hannunta ta ce, "Ban ji abin da kika faɗa masa ba, amma na ga fuskarki. Wa ke kwance?"

"Mahaifiyata, Kaka."

"To me kike yi a nan kina juya tsofaffin wasu?"

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Ita ma ta ɓuya a bayan aiki da kiran waya. Cikin makon ta nemi hutu, ta hau jirgi. Ta riga kawunta isa gida.

Wata uku ta yi tana jinyar uwarta, ita da Maman Sadiya. Ita ke mata wanka, ita ke mata kitso, ita ke rera mata waƙoƙin sujada da yamma.

Injiniya ya zo sau ɗaya. Da mai ɗaukar hoto. Ya tsaya daga bakin ƙofa saboda wai warin magani na tayar masa da zuciya. Kande ta ɗaga hannunta mai lafiya ta sa masa albarka, bakinta a karkace, tana cewa, "Filibu na, ka rame. Kana cin abinci kuwa?"

Ranar da Allah ya karɓi abinsa, a hannun Briskila ta cika.

An yi jana'iza irin wadda garin bai taɓa gani ba. Rumfuna, shanu biyu, mawaƙa daga coci huɗu. Injiniya ya hau mumbari ya yi jawabin minti arba'in a kan yadda ya riƙe yayarsa kamar ƙwai, yana share ido da farin hankici.

Aka raba kalandar tunawa da marigayiya.

Briskila ta buɗe tata. Hoton Injiniya ne ya cika shafin, cikin babbar riga, yana murmushi. Sai da ta duba da kyau ta hango uwarta, can a kusurwar ƙasa, girman hoton fasfo.

Maman Sadiya ta karɓi kalandar, ta ɗauko almakashi, ta yanke ɗan hoton ta miƙa wa Briskila.

Sauran ta shimfiɗa a ƙasa ta zuba ɓawon gyaɗa.

Darasi:

Zumunci a ƙafa yake, ba a hawa uku ba.

Akwai masu gina wa Allah ɗaki don mutane su gani, alhali wadda ta goya su tana kwance a lungu ba su sani ba. Irinsu na nan a coci, suna nan a masallaci, suna sahun gaba, su ne masu babbar murya.

Kuma kada ka yi saurin nuna Injiniya da yatsa. Kai ma akwai gurbi a bencinka. Wa ka daina gani kwana biyu, ba ka tambaya ba?

Ajiye wayar nan ka je ka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Idan ka dawo, ka tura wannan a zauren danginku, ka bar mai laifi ya tsargu da kansa.