Likitan da ya sa tsinke a hancinsa a Burkusuma

Yau shekara huɗu da rasuwar abokina Dokta Sanusi, likitan dabbobi, ɗan garin Isa. Ni ɗan kasuwa ne a Burkusuma, a gidana yake sauka.

Shekarar da ruwan sama ya ɗauke tun gero na bununi bai yi ido ba, Buzaye suka gangaro da raƙuma daga Nijar neman kiwo. Sanusi ya zo yana ɗibar majinar raƙuman da tsinke mai auduga. Tun kafin korona ta rufe duniya ya gaya mini raƙumi na ɗauke da 'yar'uwarta. Ya ce furotin huɗu ke gina jikin ƙwayar cutar: ƙayar da ke buɗe mata ƙofar ƙwayar halitta, mai naɗe zaren gadonta, mai haɗa rigar sabbin 'ya'yanta, da mai taimaka musu su fito. Tsoronsa kada ƙayar ta sauya, kama mutum ya yi mata sauƙi.

Kwana biyu da fara aikin, wata taguwa da ya taɓa ta faɗi matacciya. Kafin azahar ƙofar gidana ta cika da sanduna da takubba. Na roƙe shi ya bi ta baya, babur na nan. Ya ƙi.

Mai taguwar, wani dattijo, ya ce, "Mi kas sa mata a hanci?"

Sanusi ya ce, "Baba, abin da za ni sa ma kaina yanzu."

Ya ɓare sabon tsinke, ya tura a hancinsa har hawaye suka zubo, sannan ya nemi a farka cikin mushen. Muna tsaye aka farka. Leda da yashi aka tarar cunkushe a tumbin. Yunwa ce ta kashe ta. Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya sa aka gurfanar da sauran raƙumansa don Sanusi ya ɗebi majinarsu.

Gajeriyar jinya ta ɗauke Sanusi. Yau hanyar garinmu ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, raƙuma na tsallaka iyaka ba mai duba hancinsu. Da yana raye, na san zai ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na kuma san da sai mun ɗaure shi kafin ya fasa zuwa.

Sakamakon bincikensa ban san inda ya kwana ba. Abin da na sani, bara 'yan rigakafi suka zo garinmu, mutane suka noƙe. Na tuna abokina, na naɗe hannun riga, na shiga gaba.