Dokin Ƙofar da Na Fasa

Da aka yi mini canjin wurin aiki daga Dutse zuwa Ringim, na kama hayar wani ɗan gida kusa da kogi. Lokacin rani ne, kogin duk yashi, sai masu noman tumatir a gefensa.

Abu ɗaya ne ya dame ni a gidan, wato dokin ƙofa. Ya kusa kai mini gwiwa. Kullum sai na cicciɓi babur ɗina kafin in shigar da shi, har bayana ya fara ciwo. Ni da na tashi a unguwar Limawa ta Dutse, inda ruwan sama ke gangarewa ya tafi abinsa, sai na ɗauka shirmen magini ne. Wata Asabar na ari guduma na fasa shi, na shafe wurin da siminti sumul.

Mai gidan, wani dattijo da muke kira Baba, ya zo ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Malam, ka taɓa yin damina a nan?" Na ce a'a. Ya gyaɗa kai ya wuce.

Da damina ta yi nisa, kogi ya cika ya shigo unguwa. Duk gidajen layinmu ruwa ya tsaya a bakin ƙofa. Nawa kuwa ya shiga har ƙarƙashin gado, ya jiƙa buhun gerona.

Da ruwan ya janye, Baba ya aiko mini da bulo shida. Bai haɗo da magini ba.