Zoɓon Gwaggo Kyauta a Ƙofar Tashar Jirgi

Jafaru taubashina ne, ɗan Gwaggo Kyauta ƙanwar babana, don haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa. Bawan Allahn nan bai iya zama ba. Tun muna yara a garinmu Babban Mutum, in aka zuba mana tuwo shi a tsaye yake cin nasa, rabin hankalinsa na kan titi. In liman ya ja doguwar sura, ƙafar Jafaru ce za ka ji tana motsi a sahu. Gwaggo ta sha karɓo masa rubutu ko zai natsu, ya shanye ya fice da gudu.

Ni sunana Audi, direban tirela ne, Daura zuwa Legas ita ce hanyata. Ni na fara kai shi can, kuma har yau Gwaggo ba ta yafe mini ba. Ranar da ya fara hango tashar jiragen ruwa ta Apapa daga kan gada, sai da na riƙe masa riga don kada ya fita ta taga. Jirage ne jere a kan ruwa, kowanne ya fi unguwarmu tsawo, manyan ƙugiyoyi na sunkuyawa suna ɗaukar kwantena kamar mace na ɗaukar ƙwarya. Wuri ne da ba abin da ke tsaye. Na dube shi na ce, to, yau dai ka iso garinku.

A can ya samu sana'ar rakiyar kaya. 'Yan kasuwar Kano su loda riɗi ko citta ko zoɓo, shi ya bi motar har tasha, ya yi ta zirga-zirga tsakanin ejan mai cike takardun fitarwa da masu duba kaya da masu gadin ƙofa har kwantena ta hau jirgi. Aikin ya dace da shi, don aiki ne na ƙafa da baki. Ya san jirgin da ya kawo tayil, ya san wanda ya kawo motoci, ya san wanda zai koma da gawayi da kashu. In ya dawo gida hutu, labarin ke nan a bakinsa safe da yamma, har mutane suka sa masa Ɗan-Jirgi, alhali ko kwalekwale bai taɓa shiga ba. Hutun ma ba ya ƙarasa shi. Kwana kaɗan za ka gan shi a tashar Daura da jaka a kafaɗa.

Gwaggo kuwa zoɓo take nomawa a gefen gonar gero, ita da matan unguwarsu. Su tsinka, su ɓare, su shanya, dillalai su zo su saye a kan abin da suka ga dama. Ruwan da ya fi girma a idonta shi ne tafkin bayan gari. Wata rana Jafaru ya kira ta daga tasha, ana cikin magana wani jirgi ya danna hon, wannan kukan mai kauri da kake ji har cikin haƙarƙari. Ta ce, wace irin saniya ce wannan? Ya ce jirgi ne ke sallama da gari. Daga nan ya yi mata alkawari: wata rana zoɓonta da sunan garinsu zai hau jirgi ba tare da ya bi ta hannun kowane dillali ba, kuma zai kira ta ta ji hon ɗin da kunnenta.

Na ɗauka surutun Jafaru ne. Ashe da gaske yake. Ya yi shekaru yana bin wani ejan har aka haɗa shi da mai saye a ƙasar waje, wanda ya yarda a gwada kwantena ɗaya. Jafaru ya sa aka buga "Babban Mutum" da jan fenti a jikin kowane buhu. Ya bi gida-gida yana gargaɗi, bakinsa har kumfa: mutanen can ba sa son garin zoɓo, fure suke so cikakke, kada a karya, kada a murƙushe. Ya faɗa, ya sake faɗa, har matan suka fara kwaikwayon muryarsa a bakin rijiya.

Ni na kawo kwantenar wayam daga Kano, muka loda a ƙofar gidan Gwaggo. Buhunan unguwarsu aka fara sakawa can ciki, na sauran ƙauyuka suka biyo baya. Da za mu tashi, Gwaggo ta zo ta dafa ƙarfen da tafin hannu, ta yi addu'a. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, sai ta ce da ni:

"Audi, ka ce wa abokin tafiyarka kada ya manta da kukan saniyar nan."

"Gwaggo, in ya manta ni zan yi miki kukan da bakina."

Muka kama hanya. A Legas aka duba kaya a garejin da motoci ke jira. Aka buɗe ƙofa, aka farke buhunan baki, zoɓo garau, ja wur, yana ƙara a hannu. Aka rufe, aka ɗaura sil, wato ɗan ƙarfen nan mai lamba wanda in ka karya shi duk binciken da aka yi ya tashi a banza. Saura jiran kira. Tsarin tasha ke nan yanzu: ba ka tunkarar ƙofa sai an kira lambar motarka ta waya, in kuma aka kira ba ka je ba, ka koma ƙarshen layi. Shi kuma jirgi yana da ranar da yake rufe karɓar kaya, ba ruwansa da uzurin kowa.

Jira ba ya damuna. In shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, in kunna rediyo, in sayi shinkafa da wake wurin matan gareji, shi ke nan. Amma jira da Jafaru azaba ce. Ya duba waya, ya zagaya mota, ya je wurin ejan, ya dawo, ya hau gada ya leƙa jirginmu, ya dawo ya ce mini an fara loda masa kaya, ya sake duba waya. Ga zafin Legas mai danƙo, wanda in ka yi wanka kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Kwanaki suka yi ta tafiya a haka, ƙarfe na shan rana, da yamma hadari ya taso ya ɗan zuba ya wuce. Na ce masa in bai zauna ba zan ɗaure shi da igiyar tamfol.

Ranar da jirgin zai rufe karɓar kaya, da hantsi, kiran ya shigo. Na yi hamdala, na naɗe tabarma, na tayar da mota. Na leƙa madubi ban ga Jafaru ba. Na danna hon, shiru. Na sauko a fusace, na same shi a bayan mota, a tsugune, ya ƙura wa ƙasan ƙofar kwantena ido.

Wani ruwa ne ke ɗiga daga ƙarƙashin ƙofar, kaɗan-kaɗan, ja kamar wanda ake sayarwa a gora. Ya shafa da yatsa ya kai hanci, ya miƙo mini. Tsami ne, da wani wari na ɗaki da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Gumin ƙarfe ne," na ce. "Tashi mu tafi."

"Gumin ƙarfe ba ya ja, Audi."

"To ko jini ne, an kira mu. Tashi!"

Bai tashi ba. Ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana: "Yayyafi suka yi."

Nan na gane. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san busasshen zoɓo ƙaras yake, in ka danna shi a buhu sai ya ruguje. Don haka mata kan ɗan yayyafa masa ruwa da tsintsiya ya yi laushi kafin su cusa. A gida ba komai ba ne, iskarmu kan busar da shi ta jikin buhu kafin la'asar, in ya je Kano ma dillalai su sake shanyawa. Mu kuwa daga hannunsu muka zuba shi cikin akwatin ƙarfe muka kulle, muka kawo shi garin da iskarsa ma jiƙaƙƙiya ce. Kuma wa ya yi ta ihu kada a karya fure? Matan nan maganarsa suka ji. Don su faranta masa suka ƙara hannu, kuma na tabbata Gwaggo ta fi kowa ƙarawa.

Raina ya ɓaci, na faɗa masa abin da kowane direba zai faɗa. Kaya sun wuce bincike, sil na nan lafiya, ga kira a hannu. Mu shiga, a ɗaga, jirgi ya tafi. Abin da ya faru a tsakiyar teku ba a wuyanmu yake ba.

"Sama da wata zai yi a ruwa," in ji shi. "Na ciki zai kama na waje. In suka buɗe a can, me za su gani a jikin buhu?"

"Fumfuna."

"Kafin fumfuna. Sunan wa na buga?"

Ya miƙe ya fara sintiri, daga kan mota zuwa gindinta, waya a kunne. Ejan na ihu ta ciki har ina jiyowa: in ka karya sil ka rasa jirgin nan, kuma ban san ko mai sayen zai jira na gaba ba. Direbobin da ke bayanmu suka fara danna hon. Jafaru ya dubi ƙofar gareji, ya dubi ɗigon nan, ya sake duban ƙofar. Wallahi na tausaya masa. Abin da ya yi shekaru yana gudu a kansa ne ke tsaye a can, tafiyar da ba ta kai ta Daura zuwa Zango ba.

Ya ce, "Ba ni almakashin ƙarfe."

Na ce ba ni da shi. Ya je ya aro wurin makanike.

Da ƙofar ta buɗe, wani tururi ya buso mana kamar an buɗe tukunyar dambu. Muka ja mota gefe, muka nemo 'yan dako, muka roƙi mai gareji wani fili a bayan katanga, muka aro tamfol duk inda muka samu. Buhunan baki lafiya lau. Na tsakiya da ɗumi. Na can ciki, na unguwar su Gwaggo, wasu sun yi baƙi sun dunƙule, fumfuna ta yi musu fari, wasu kuma da sauran rai. Muka zazzage, fili ya yi ja.

Washegari da la'asar muna cikin zoɓo har idon sawu, wayarsa ta yi ƙara. Tun kafin mu baro gida ya faɗa wa Gwaggo ranar tashin jirgi, ita kuwa ba ta mantuwa. Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya ɗauka, ya sa a sifika don hannunsa duk danshi ne. Ana jin hayaniyar mata, ashe duk unguwa ta taru a tsakar gidanta.

"Kai, mun taru," in ji ta. "Ko ba a kai lokacin ba?"

Ya buɗe baki ke nan, sai jirgin ya yi. Kukan ya taso daga bayan gine-gine, dogo, mai kauri, har tamfol na rawa a ƙafata. Ta cikin waya guɗa ta ɓarke. Mata na ta ayyururui, wata na kiran sunan Ɗan-Jirgi, ina jin muryar Gwaggo tana cewa ku yi shiru in ji, ku yi shiru in ji.

Na yi masa alama da hannu ya bar su haka, ko na yau kaɗai. Ya girgiza kai.

"Inna."

"Na ji, na ji shi da kunnena!"

"Inna, wannan jirgin bai tafi da naki ba. Ga shi nan a gabana, mun shanya."

Guɗar ta yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ji takunta, ta bar cikin mutane, na ji ƙarar labulen ɗaki.

"Ya lalace?"

"Wani ya lalace. Mafi yawa zai tashi in an samu rana. Akwai wani jirgin nan gaba, ina roƙon mai sayen ya jira."

Sai ta ce, "Yayyafin ne?"

Jafaru, mai bakin da ke gajiyar da ejan da masu gadi, ya dogara da cebur ya ƙura wa zoɓon ido. Ni ma na juya baya ina gyara bakin tamfol da ba abin da ya same shi.

"To," in ji Gwaggo. "Da me kuke juyawa?"

"Da cebur."

"Ajiye cebur ɗin nan, karya shi zai yi. Ka sa hannu, ka ɗago daga ƙasa, a hankali. Ka ce ba sa son gari."

Ta kashe wayar.

Ya jingina cebur da katanga, ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin tamfol na farko. Ya zura hannu biyu ya ɗago, ya baza, ya tsince baƙin ya ajiye gefe, ya ɗan matsa gaba. Tireloli na ta fita zuwa tasha, wani jirgin ya sake yin kuka, bai ɗaga kai ba. Tun da nake da Jafaru ban taɓa ganin ya daɗe a wuri ɗaya haka ba. Na tsaya ina kallonsa har na ji kunya, sai na cire nawa takalmin na kama ɗaya gefen.