Ranar da Majo Ya Ce Mu Kira Sunansa

Raƙumi ne ya kayar da mai gidana, kuma har gobe ban yafe wa dabbar nan ba. A lokacin Nasara bai daɗe da miƙa mulki ba, kowa a Dakoro yana jin ya zama wani abu. Mai gidana, mutumin da tun tashinsa awon hatsi yake yi a kasuwa, wanda jaki ne iyakar abin da ya taɓa hawa, sai ya wayi gari ya sayo raƙumi wurin wani Buzu daga wajen Azagor. Na ce, "Malam, me ya yi zafi?" Ya ce ɗan ƙasa mai 'yanci ya wuce hawan jaki. Babu wanda ya gaya mishi raƙumi da ƙafafun baya yake fara tashi. Yana ɗarewa a bakin babbar rijiya, dabbar ta yunƙura, shi kuma ya yi gaba, kansa ya daki siminti. Jini ta kunne, ba motsi, sai wani numfashi mai kama da minshari.

A gadon kara aka kai shi likita. Likitar Dakoro ta wancan zamani ɗaki uku ce, ba lokotoro, dakta ke nan, sai majo, wato babban mai jinya, wani dogon Bazabarme mai Hausa a karkace. Ya ce ƙashin kai ya tsage, ƙwaƙwalwa ta bugu, kuma in aka sa shi a babbar motar kamiyo zuwa Maradi, da irin hanyar nan tamu, gawa za a sauke. Akwai wani ɗan ɗaki jikin bironsa, wato ofishinsa, inda yake ajiye waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa. Nan ya kwantar da shi, ya rataye kwalbar ƙarin ruwa a ƙusa, ya zura mishi roba ta hanci don kunu. Jim kaɗan sai ya shigo ya riƙe mishi tsintsiyar hannu yana duban agogo, ya ɗaga fatar ido ya haska fitila. Ya gaya mani gaskiya: wataƙila ya farka, wataƙila ba zai farka ba, in ma ya farka yana iya tashi bai san kowa ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi tsaya mani a rai. Tsoro nake ji.

Mu biyu muke jinya, ni da Inna, uwar mai gidan. Rana ta uku majo ya tara mu ya ce, "Mutum haka yana ji. Ku kira sunansa a kunne, da ƙarfi, da muryar da ya sani."

Na dubi Inna, Inna ta dubi bango.

Ni matarsa ce. Shekara goma sha shida muna tare, ɗiya biyar, sunan nan bai taɓa bi ta bakina ba. Ko ɗan maƙwabta mai irin sunan, laƙabi na yi mishi. Inna kuwa nata ya fi nawa tsanani: ɗanta na fari ne, kuma sunan surukinta aka sa mishi. Shekara arba'in "wancan" take ce da shi. Ko tuwo za ta miƙa mishi, sai ta ajiye a ƙasa ta ce da iska, "Ga abinci nan, in akwai mai so."

Majo ya ce, "To, madam, bisimilla."

Na sunkuya na ce, "Malam."

"Ba malam ba, suna!"

"Mai gida."

"Suna!"

"Kai... kai wannan."

Ya juya wurin Inna. Ita kuma ta gyara mayafi, ta ce da ni, "Ke yarinya, ce da wancan ya tashi haka nan, damina ta kusa, ba a yi sharar gona ba." Na sunkuya na isar da saƙo. Majo ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce shi a makarantarsu an koya mishi ciwo iri-iri, amma ba a koya mishi mutanen da za su bar mutum ya mutu don kunya ba. Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Kai majo, ka kiyaye ni! Uwarka ta taɓa kiran ubanka da suna a gabanka? Ka zo garin mutane da farar riga za ka koya mana rashin tarbiyya?" Ya ce ba rashin tarbiyya ba ne, magani ne. Na ce to ya zuba shi a kwalba ya rataye a ƙusa.

Inna ce ta kawo dabara. Ta ce a aika garin Mai Yara a kira taubashinsa, ɗan ƙanenta, tunda shi tsakaninsu sai wasa da zagi, ba abin da bakinsa ba ya faɗa. Kashegari ya iso, guntun mutum mai murya kamar kurya. Yana shiga ya rafka sunan, har kwalbar ƙarin ruwa ta yi rawa. Ni da Inna muka toshe kunne. Sai ya ɗora: "Tashi, rago! Bawana! Kai da ko jaki sai an riƙe maka, wa ya aike ka? In ka mutu matarka tawa ce, raƙumin ma nawa ne!" Na ce, "Allah ya tsare ni da guntu." Mai gida ko gezau.

Da abin ya ƙi, sai taubashin ya ce ai laifin raƙumi ne, dole ya zo ya ba da haƙuri. Kafin a ankara ya jawo shi har bakin taga. Dabbar ta zuro kai cikin ɗakin, ta dubi majinyaci, ta saki wani kuka mai wari, sannan ta juya ta cinye ɗan iccen bedin da majo ya dasa yake ba shi ruwa safe da yamma. Majo ya kore su duka biyu da tsintsiya. Na yi dariya har da hawaye, sai kuma na ga hawayen sun ƙi tsayawa, na fita bayan ɗaki na yi kukana sosai.

Rana ta takwas, da tsakar rana, na tafi ɗebo ruwa na bar Inna. Ina dawowa na tsaya a bakin ƙofa. Tsohuwar nan ta durƙusa, bakinta a kunnensa, tana faɗar sunan a hankali, tana maimaitawa, hannunta a goshinsa. Ban taɓa ganin ta taɓa shi ba sai ran nan. Na koma da baya, na yi tari, na buga guga a ƙasa. Da na shiga na same ta can kusurwa tana jan carbi. Ta ce, "Kin daɗe." Na ce, "Layi ne, Inna."

Da ta fita alwala, na rufe ƙofa, na leƙa taga, na leƙa har ƙarƙashin gado. Sannan na sunkuya. Wallahi harshena nauyi ya yi kamar taɓarya. Na faɗa sau ɗaya, na ƙara, na ce, "Ka ji dai abin da ka sa ni. In ka tafi ka bar ni bayan wannan, ban yafe ba."

Sai rana ta goma sha biyu ya buɗe ido, da hantsi. Majo ya bar mu muka shigo duka. Ya rame, bakinsa ya karkace, hannun hagu a mace, kuma haka hannun ya zauna har ƙarshen ransa. Ya dubi majo, ba komai a idon. Ya dubi taubashinsa, wanda yau bakinsa ya mutu, nan ma ba komai. Na ce a raina shi ke nan, an dawo mani da baƙo.

Idon ya zo kaina ya tsaya. Leɓensa ya yi ta motsi, miyau na zuba. Sai ya kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, a gaban uwarsa, a gaban majo, a gaban guntun nan na Mai Yara. Tun ranar da aka kawo ni gidansa "ke" nake, ban ma tabbata ya riƙe shi ba.

Inna ta ɗaga kai tana binciken rufin ɗaki. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, kunya kamar in nutse, kuka ya ci ƙarfina. Ya sake kira, da ƙyar, yana jira.

Na ce, "Na'am."